Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Tsimi Daga Laranto

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane ma'aikaci da ke jiran albashi a ƙarshen wata yana da wata tafiya a gabansa, ko ya shirya mata ko bai shirya ba, wato ranar da za a miƙa masa takarda, a yi masa godiya, a ce ya koma gida ya huta. Dokar aikin gwamnati a ƙasar nan ta yanka wa wannan rana wa'adi: shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. A jami'o'i kuwa, tun daga 2012 aka ɗaga wa'adin zuwa shekara 65, na farfesoshi kuma zuwa 70. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki waɗannan shekaru tamkar ajali, ba a gaggauta shi, ba a kuma jinkirta shi. To amma tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya ita ce, shin wajibi ne mutum ya zauna sai an sallame shi? Ba zai yiwu ya yi tattalin ɗan abin da yake samu ba, ya juya shi, har ya sallami kansa da kansa tun da sauran ƙarfi a gwiwarsa?

Mu da muke wannan tambaya 'ya'yan Laranto ne, sa'o'in juna, waɗanda iyayensu suka ci abinci a kasuwa, su kuma aka sa su boko, suka wayi gari suna cin abinci a ofis. Laranto unguwa ce a Jos ta Arewa, kuma duk wanda ya ji sunanta, Kasuwar Katako ce za ta fara faɗo masa a rai. Nan ne manyan motoci ke sauke katako daga dazuzzukan kudu, ƙarar injin yanka ba ta ɗaukewa tun daga hantsi har la'asar sakaliya, ƙamshin ɗanyen itace kuma ya cika iska. Gefe guda ga 'yan hatsi da buhunan masara da wake da acca, ga 'yan gwanjo da rigunan sanyin da mazaunin Jos ba ya rabuwa da su, ga kafintoci, ga dillalai, ga 'yan dako. Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Birom da sauran ƙabilu kowa na neman halaliyarsa. A wannan makaranta marar allo muka fara karatun kuɗi, tun kafin mu san akwai wani fanni da ake kira tsimi da tanadi.

Tun muna yara muka lura da dattawa iri biyu a unguwar. Na farko shi ne tsohon ma'aikaci wanda ya cika wa'adinsa cif, aka sallame shi da yabo. Za ka gan shi da tsohon fayil a hammata, yau yana hanyar tantancewa, gobe yana cigiyar garatuti, jibi yana lissafin watannin fansho da yake bi. A zamanin da yake kan kujera ba a raba shi da sabuwar shadda da mota mai sheƙi, amma da miya ta ƙare sai aka san maci tuwo. Na biyu kuwa ɗan kasuwa ne wanda bai taɓa jin kalmar ritaya ba. Yana kaiwa wajen shekara 50 sai ka ga ya miƙa makullin shago ga yaron da ya raina, ya koma zuwa kasuwa sau biyu ko uku a mako domin duba littafi, sauran kwanakin kuma yana gona, ko wajen karatu, ko wajen sasanta waɗanda suka saɓa. Bai fi na farkon samu ba a tsawon rayuwarsa, wani lokaci ma bai kai shi ba. Bambancinsu kawai shi ne, ɗaya ya ci abin da ya samu, ɗayan kuma ya sa abin da ya samu ya haihu.

Akwai wani kawunmu, mai sayar da katako, wanda ke cikin kashi na biyu. Mun taɓa ce masa, “Kawu, me ya sa ka bar kasuwa alhali ga ka da sauran ƙarfinka?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Yarana, ai ban bar kasuwa ba. Kasuwa ce ta daina tashina da asuba.” Wannan bawan Allah rigunansa na fita ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, tsohon babur ɗinsa kuwa ya ga jiya ya ga yau. Amma yana da gida mai ɗakunan haya, yana da 'yan shanu a hannun makiyayi, yana da gona a bayan gari, yana kuma da kaso a ribar shagon da ya bar wa yaronsa. Ba attajiri ba ne, ba a taɓa yi masa kirari a gidan biki ba. Sai dai ba mu taɓa ganin ya buga ƙofar wani yana neman na cefane ba.

Da muka girma muka yi karatu, sai muka tarar ashe abin nan da kawunmu ya yi ba tare da alƙalami ba, Turawa sun yi masa lissafi har sun mayar da shi aƙida. A 1992 Vicki Robin da Joe Dominguez suka wallafa wani littafi a Amurka, inda suka nuna cewa kuɗin da mutum ke kashewa sa'o'in rayuwarsa ne da ya sayar, saboda haka kafin ya sayi abu ya kamata ya tambayi kansa kwana nawa ya yi wa wannan abu bauta. A 1994 kuma wani masanin tsara kuɗi mai suna William Bengen ya bi tarihin kasuwar hannun jarin Amurka, ya gano cewa wanda ya zuba dukiyarsa a hannun jari da takardun lamuni, yana cirar kashi 4 cikin 100 a shekarar farko, yana kuma ƙara abin da yake cira gwargwadon tashin farashi, dukiyar kan kai shi aƙalla shekara 30. Daga nan aka fitar da ƙa'idar da matasan can ke bi: ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara, ka ajiye aiki.

Akwai gaskiya tsantsa a cikin wannan lissafi, kuma ba ta buƙatar digiri. Wanda ke ajiye kashi ɗaya cikin goma na samunsa, sai ya yi aikin shekara tara kafin ya tara abin da zai ci shekara guda yana zaune. Wanda ke ajiye rubu'i, shekara uku ta ishe shi. Wanda kuwa ke ajiye rabi, duk shekarar da ya yi aiki ya sayi wata shekarar ta hutu. Har ila yau, rage buƙata riba biyu gare shi: yana ƙara abin da ake ajiyewa yau, yana kuma rage abin da za a nema gobe. Wato ba yawan albashi ne ke 'yanta mutum ba, tazarar da ke tsakanin samunsa da kashewarsa ce.

Sai dai kuma, idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Lissafin da aka yi da dala ba ya zama daram a kan naira. Bari mu ba mai karatu misali. A 1981 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 125 ne a wata, a lokacin kuma naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A ce wani ma'aikaci yana rayuwa a kan wannan adadi, wato Naira 1,500 a shekara. Ninki 25 na wannan shi ne Naira 37,500. A ce ya tara su, ya ƙulle a asusu, ya ajiye aiki yana murna. Kafin ya ankara sai ga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, aka karya darajar naira. A 1998 aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya. A 2023 aka janye tallafin man fetur, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta zarce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara. Dukiyar da bawan Allah nan ya tara domin ta riƙe shi har ƙarshen rayuwa, a 2024 ko buhun shinkafa guda ba za ta saya ba. Ashe tara takardar kuɗi a ƙasarmu tamkar ajiye ƙanƙara ce a rana.

Mutanen Jos kuwa sun riga kowa sanin cewa arzikin da ake gani da ido yana iya gushewa. Kuza ce ta kafa wannan gari, ita ta jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Bauci da Barno, ita ta jawo jirgin ƙasa. An sha ba mu labarin barikokin 'yan kuza, inda ake karɓar biya da rana a cinye shi kafin gari ya waye, ana ganin ƙasa ba za ta taɓa daina bayarwa ba. Sana'ar ta yi ta ja da baya, har kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985, abin da aka bar mana gado shi ne kududdufan da ke warwatse a kan tsaunin nan. Albashi ma kuza ce: rami ne da ake haƙa a jikin mutum, kuma kowane rami yana da ƙarshe.

Ba naira kaɗai ke narkewa ba. A Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus, wadda ake alfahari da ita a duk faɗin ƙasar nan. A rikicin Nuwamban 2008 wuta ta ci Kasuwar Katako, kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan wuta ta haɗu da busasshen itace. Mun ga mutanen da suka kwana da dukiya suka tashi da toka. A wannan shekara ta 2008 ce kuma kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta fara zubewa, har ta yi asarar wajen kashi biyu cikin uku na darajarta cikin shekara guda, ta tafi da guzurin ma'aikata da dama, musamman waɗanda suka ci bashi suka sayi hannun jarin bankuna. A ƙarshen 2016 kuma tsarin nan na MMM, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe da kuɗin jama'a. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, in naira na narkewa, kasuwa na ƙonewa, hannun jari na zubewa, ina mafita? A nan ne dabarar dattawan Laranto ta fi lissafin Amurka dacewa da mu. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, shi ya sa murhu ke da duwatsu uku. Da muka dubi waɗanda suka miƙe bayan gobara, sai muka ga ba waɗanda suka fi yawan kaya a shago ba ne, waɗanda suka rarraba dukiyarsu ne. Wuta ta ci katako amma ba ta ci gona ba. Ɓarawo ya kora shanu amma bai ɗauki ɗakin haya ba. Kowace hanya da tata illar: fili yana da rigimar takardu, kiwo yana da cuta da sata, ɗan haya yana iya ƙin biya, hatsin da aka saya da kaka domin a sayar da bazara yana iya yin ƙwari ko farashinsa ya faɗi, kamar yadda aka gani a 2025, ban da cewa ɓoye abinci domin a ƙuntata wa talaka ba sana'ar mai tsoron Allah ba ce. Amma da wuya dukkan illolin nan su faɗo rana ɗaya.

Mu 'yan zamani muna da wasu duwatsun murhu da kawunmu bai samu ba. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa ma'aikaci ya ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya ƙara kashi 10, a asusu mai sunansa. Sai dai wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa ba zai fara cin moriyar asusun sosai ba sai ya cika shekara 50, saboda haka duk mai son sauka kafin nan dole ya tanadi gadar da zai taka. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, bankin Jaiz ya buɗe tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fara sayar da sukuk a 2017, inda ake gina hanyoyi da kuɗin a riƙa biyan masu shi haya. Hannun jarin kamfanonin da ke sarrafa abin da mutane ke ci ko suke gini da shi yana da amfani ga mai haƙuri, wanda ya saya da kuɗinsa ba da bashi ba. Ga Musulmi ma akwai wata hikima a cikin zakka: dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ana fitar da ɗaya bisa arba'in daga cikinta, saboda haka wadda aka kwantar raguwa take yi, wadda ake juyawa ce ke ɗaukar nauyin kanta.

Bisa ga wannan fahimta ne muka kafa adashi a tsakaninmu, da sharaɗi guda: duk wanda ya kwasa ba zai sa kuɗin a abin da ke tsufa ba, sai a abin da ke haihuwa. Wani ya sayi fili, wani ya ɗora ɗaki biyu a bayan gidan gado, wani ya haɗa jari da kafinta ana raba riba. Muka kuma yi wa kanmu alkawarin cewa duk ƙarin albashin da aka yi, rabinsa ba zai shiga tukunya ba. Burinmu shi ne mu sauka a shekara 50, in Allah ya kai mu. Ma'auninmu kuwa ba ninki 25 na wata naira ba ne. Ma'auninmu shi ne ranar da haya da gona da riba za su ɗauki abinci da kuɗin makaranta da magani shekara biyu a jere ba tare da an taɓa albashi ba.

An gwada wannan shiri tun kafin lokacinsa. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, aka tsayar da albashi. Waɗanda abin ya shafa a cikinmu suka sami kansu a ritayar da ba su nema ba. A waɗannan watanni ne muka ga bambanci tsakanin wanda ke da ɗakin haya biyu da buhun masara a ɗaki, da wanda ba shi da komai sai mota da bashin banki. Ajiya maganin wata rana, in ji Bahaushe, kuma ranar ba ta aiko da sallama.

Amma fa akwai wuri mai santsi a wannan hanya, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. A al'adarmu tsakanin tsimi da rowa zare ne siriri, kuma babu sunan da Bahaushe ke gudu kamar a kira shi marowaci. Albashin ɗayanmu ba nasa ba ne shi kaɗai: akwai gyatuma, akwai ƙanne, akwai marayun ɗan'uwa, akwai maƙwabcin da matarsa ke kan gwiwa. Mun sha jin habaici a gidan biki saboda mun zo da rigar bara, ko mun ƙi shiga anko na uku a wata guda. Abin da muka tsayar shi ne, a rage fariya, kada a rage zumunci. Sabuwar waya duk shekara, lefen gasa, liƙi a gaban makaɗi, motar da ta fi ƙarfin aljihu, waɗannan su ne wuƙa ke bi ta kansu. Kuɗin asibitin iyaye da karatun maraya kuwa suna cikin kasafi tun farkon wata, daidai da kuɗin abinci. Wannan ba tausayi kaɗai ba ne, har da hangen nesa. Bayan gobarar 2008 mun ga waɗanda aka ba kaya bashi ba tare da takarda ba, mun ga waɗanda 'yan'uwa suka haɗa wa jari, domin sun shuka alheri tun suna da hali. Mutunci shi ne ajiyar da wuta ba ta ci, hauhawar farashi kuma ba ta taɓa ta. Wanda ya tara dukiya ya rasa mutane, ya gina rumbu ne ba jinka.

Wani zai ce, duk wannan ƙunci don me? Don a zauna a ƙofar gida ana ƙirga motoci? Ko kusa. Zaman banza ma cuta ne, kuma ba mu taɓa ganin kawunmu ya wuni a kan tabarma ba. Abin da ake saye da tsimi shi ne ikon mallakar lokaci. Ƙididdiga ta nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 60 ba. Gaskiya ne mutuwar ƙananan yara ce ke jan adadin ƙasa, kuma rai a hannun Allah yake, amma kowannenmu ya san abokin aikin da aka yi wa jana'iza saura 'yan watanni ya karɓi garatuti. Akwai karatun addini da muka ce sai mun huta, akwai littafin da muka ce za mu rubuta, akwai iyayen da ke jiran mu zauna kusa da su, su kuwa ba za su jira mu cika shekara 65 ba. Daɗin daɗawa, ma'aikacin da abincin gidansa bai rataya a kan sa hannun wani ba, shi ke iya cewa a'a idan aka kawo masa takardar da ba ta dace ba. Kuma kujerar da ya bari da wuri, wani matashi mai takardar digiri a aljihu ne zai hau.

Ba mu ce wannan hanya a buɗe take ga kowa ba. Wanda ke karɓar Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, ga iyali, ga haya, ga kuɗin mota, ba ya buƙatar wa'azin tsimi, domin rayuwarsa duka tsimi ce. Gyaran wannan yana wuyan masu riƙe da akalar ƙasa. Amma da yawanmu da ke kukan albashi bai isa ba, in muka zauna da alƙalami muka rubuta inda kowace naira ta tafi cikin wata guda, za mu tarar akwai ɓarakar da hannunmu ne ya yi ta.

Daga ƙarshe, kiranmu ga ɗalibai ne, domin su ne ke da jarin da ya fi na kowa, wato shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da kuka karɓi alawus ɗin farko na bautar ƙasa, ku cire wani abu komai ƙanƙantarsa kafin ku taɓa sauran. Ku koyi sana'ar hannu ko ta kasuwa a gefen takardarku. Kada ku ci bashi domin abin da za a gani a yaba, kada ku zuba kuɗi a inda ba ku fahimci yadda ribar ke fitowa ba, kada kuma ku hana mai haƙƙi haƙƙinsa da sunan tanadi. Ga abokan aiki kuwa, wanda ya makara bai kai wanda bai tashi ba. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya albarkaci ɗan abin da muke samu, ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, amin.